Ranar da Junaidu Ya Yi Kuka a Tele

Salamu alaikum, jama'ata. Masu turo mini saƙo safe da rana suna tambayar yadda aka ƙare da maganar neman aurena, ku gyara zama. Amma in faɗa muku tun yanzu, ba a ƙare ba. Tele ta shigo cikin maganar, kuma ta shigo da ƙafar hagu.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Ummulkhairi, a gida Ummu. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata lakwal, wato firamare, a nan Birnin Konni. Babana Alhaji Maikano yana da shagon kayan moto, wato babur, a bakin kasuwa. Wanda nake so kuwa Junaidu ne, mutumin Dogarawa, manomin albasa, dogo, baƙi, mai maganar da sai ka matso kusa kake jin ta. An tsayar da ranar Asabar magabatansa za su zo wurin Baba. Inna har ta sa an wanke labulen falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai da salla.

To, a gidanmu akwai Gwaggo A'i, yayar Baba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo wurinmu, kuma tun ranar telekomand, wato rimot ɗin tele, ya bar hannun kowa ya koma nata. A leda take naɗe shi, ta tura shi ƙarƙashin matashin kujerarta, ta zauna a kai. Gwaggo ba kallon tele take yi ba, shari'a take yanka wa mutanen ciki. Akwai gasar girkin nan da ake tara mata a wani katafaren kicin ana ba su lokaci. Ranar da wata 'yar gayu ta zuba tumatur na gwangwani a miyar kuka, Gwaggo miƙewa ta yi tsaye.

"A kore ta! Wagga ba ta da uwa ta?"

Alƙalan gasar ma ba su tsira ba. Akwai wani mai ɗanɗana abinci da bakin cokali yana lumshe ido, ta ce da gani bai taɓa kwana da yunwa ba, don haka ba shi da bakin magana a kan tuwo.

Amma rauninta yana wurin Alamin. Alamin shi ne saurayin wani fim mai dogon zango da ake sawa kashi-kashi, wanda aka ɗauke masa budurwa aka kai ta ƙasar waje. Ba a taɓa gama kashi guda bai yi kuka ba. Yana yi Gwaggo na yi, tana share ido da bakin mayafi tana cewa, "Haƙuri, ɗana, Allah na nan." Saboda Alamin Baba ya sayi pano mai ba da wuta da hasken rana ya ɗora a kan rufi, don ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar kukansa, Gwaggo ba ta ci tuwo ba.

Yanzu ga yadda abin ya faru. Tun cikin rani wasu ma'aikatan wata tashar tele suka taso daga Yamai da kyamarorinsu, suka shiga garake, wato lambunan rani, suna ɗaukar manoman albasa. Junaidu ya faɗa mini a lokacin, amma irin faɗinsa: "Sun yi mini 'yan tambayoyi." Shi ke nan. Sai ranar Lahadi da safe saƙonsa ya shigo:

"Khairi, an ce yau bayan la'asar za a sa shirin nan. Ni ina garka, ki duba mini."

Kuskuren da na yi, na nuna wa ƙanwata Nafisa. Kafin azahar duk layinmu ya sani. Bayan la'asar falonmu ya cika da matan maƙwabta, wasu a tabarma, wasu a bakin ƙofa da goyo. Ni kuwa na ci atamfata mai ruwan goro, na ɗaura ɗankwali ya karkata gefe, na sa kwalli, har da turare. Kar ku tambaye ni wa zai ji ƙamshin ta cikin gilashi. Ni ma ban sani ba.

Aka fara. Kiɗa a hankali, kyamara ta sama tana yawo a kan garake kore shar, mata suna tsince albasa, samari suna loda buhuna a kamyo, babbar motar kaya, wani mai murya kamar ta liman yana bayani. Ba a daɗe ba Gwaggo ta fara motsi.

"Wai ina labarin? Wa ka son wa?"

"Gwaggo, wanga ba him ba na," in ji Nafisa. "Gaskiya ta aka nunawa."

"To gaskiyag ga tana da tsawo."

Sai ga shi. Jama'a, sai ga Junaiduna ya cika gilashi. Ba shaddar da na sani ba, wata tsohuwar riga ce mai dogon hannu da malfa wadda gefenta ya zare. Yana tsaye a gaban rudu, wato rumbun da suke ajiye albasa. Matan falo suka ɗauki shewa, wata ta daki cinyata, ni kuma na sunkuyar da kai ina kallo ta ƙasan ido. Ya yi bayanin iri da dashe da ban ruwa, tsaf, ba gargada. Har Gwaggo ta ce, "Shina da murya, sai dai a ƙara mishi ƙarhi."

Daga nan wata 'yar jarida ta tambaye shi wa ya koya masa noman. Ya ce mahaifinsa. Ta ce yana nan da rai? Ya ce a'a. Ya ce shekarar da aka rufe iyaka, albasarsu ta rasa mai saye, ta ruɓe a cikin rudun nan da ke bayansa. Shi da tsohon suka dinga kwasar ta da kwando suna kaiwa bayan gari suna zubarwa, kuma har suka gama tsohon bai ce uffan ba. Bai ga dashen shekara mai zuwa ba.

Nan muryarsa ta tsaya. Ya ja malfar ya rufe fuska, amma mai kyamarar nan, Allah ya shirye shi, sai ya matso. Duk ƙasa ta ga hawaye suna bin kumatun Junaidu suna sauka a gemu.

Falo ya yi tsit. Sai wata maƙwabciyarmu daga bakin ƙofa ta ce, "Ku bar shi, albasa ta."

Aka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Ummu, wanga na surukin da za a kawo muna?"

Washegari kafin in isa lakwal an riga an yanko fuskarsa an mai da ita sitika. Malfa a karkace, hawaye a kumatu, an rubuta a ƙasa: ALBASA TA YI TSADA. A gurup ɗin malamai na fara ganin ta, wani ya tura ta don direkta ya ce za a yi taro ranar hutu. Ba zan ɓoye muku ba, sai da dariya ta kuɓuce mini, sannan na ji haushin kaina, sannan na ji haushin kowa. Da aka fita shan iska wata abokiyar aikina ta miƙo mini hankici, wai in ajiye wa ango.

Da na koma gida na tarar da Nafisa a kan tabarma tana karanta wa Inna da Gwaggo ra'ayoyin masu kallo a shafin tashar, tana canza murya ga kowane.

"Wanga ya ce: 'Namiji da gemu shina kuka gaban mace, Allah shi sawwaƙe.' Wanga kuma: 'Ku masu dariya ba ku taɓa noma ba.' Ga wani: 'Shirin ya yi kyau amma kiɗan ya yi yawa, awa gidan biki.' Wata ta ce: 'An nuna Dogarawa ba a nuna garinmu ba, mu ba albasa muka nomawa ba?' Wani kuma ya ce duk shiri na, wai an ɗiga mishi ruwa ga ido."

"Ba a ɗiga ba," in ji Gwaggo. "Na san kukan ɗigi. Wanga na gaske na, shi na ma abin kunyar."

Inna tana tankaɗe gari, ta ce a hankali, "Ni dai ya ba ni tausai, Yaya."

"Tausai daban, aure daban."

Na kasa haƙuri. Na ce, "Gwaggo, to Alamin hwa? Kullum shina kuka, kina taya shi."

Ta dube ni kamar na zagi wani babba.

"Shi Alamin sana'atai ta, biyan shi aka yi. Naki banza yay yi nashi."

Nafisa ta kwanta a tabarma don dariya. Ni kuwa na shige ɗaki na turo ƙofa.

Abin ya daina zama wasa da Baba ya dawo daga kasuwa. Ko sannu da zuwanmu bai amsa da kyau ba. Ashe tun safe 'yan fadar da ke gefen shagonsa suke masa tsiya. Wani ya ajiye masa albasa guda a kan tebur ya wuce. Wani ɗan kabu-kabu ya zo sayen taya, ya ce, "Alhaji, ranar Asabar a yi mishi sauƙi wajen sadaki, kar ya hwashe muku." Baba mutum ne mai son girmansa. Ina ɗaki ina jin su shi da Gwaggo a tsakar gida.

"Yaya, yaron ba shi da aibi, na bincika. Amma bakin mutane ya yi yawa."

"Ka gusa da ranar, Maikano. A bari ƙura ta kwanta, mu ga ko shina da wani hali bayan wanga."

"Bari in kwana da shi."

Ku da ba ku sani ba, kawun Junaidu, wanda shi ne waliyyinsa, da an gama maganar Asabar zai bi kamyon albasa zuwa kudu, kuma ba ya dawowa sai damina ta yi nisa. Sannan mutanen Dogarawa ba za su ji an ce a gusa da rana ba, za su ji an ce ɗansu bai isa ba. Irin wannan gusawar, in ba a yi sa'a ba, ba ta dawowa wurinta.

Na ɗauki waya. Saƙonnina tun na Lahadi suna nan bai buɗe ba. Na kira, layi a cike. Na sake kira, a cike. Da wa yake magana haka? Na rubuta: "Kana lahiya?" Shiru. Na rubuta: "Ni ban ga abin kunya ba." Shiru. Na goge wani dogon saƙo mai zafi kafin in tura, Allah ya taimake shi.

Sai Talata da hantsi, ina tsakiyar koya wa yara haɗa baƙi, wayata ta yi motsi a jaka.

"Khairi, na ba ki kunya gaban danginki. In Baba yac ce a dakata, ban ga laihi nai ba."

Kun ji mutum. Ni ina nan ina kare shi da haƙori, shi har ya shimfiɗa tabarmar haƙuri ya kwanta. Na ba yara aikin kwafa a allo, na tsaya a bakin taga na rubuta:

"Gobe bayan la'asar ka taho ka gaida Gwaggo."

"Gwaggo A'i? Khairi, kina son raina kuwa?"

"Ina son shi. Shi yas sa."

Lissafina mai sauƙi ne. Gwaggo tana da zafi a kan mutanen cikin gilashi saboda ba sa iya ba ta amsa. Ban taɓa ganin ta yanke wa mutum hukunci yana zaune a gabanta yana kallon ta ba.

Laraba bayan la'asar muka ji tsayuwar moto a ƙofar gida. Na leƙa ta labule. Farar shadda ce a jikinsa, ta sha guga har tana ɗaukar ido, da hula ruwan toka. A bayan moton kuma ya ɗauro tsarabar da ya saba kawowa. Jama'a, ƙaramin buhun albasa. Nafisa ta gani ta toshe baki da hijabi ta ruga bayan ɗaki, ina jin ta tana shiƙa kamar mai tarin asma.

Inna ta amsa gaisuwarsa a tsakar gida, ta sa aka shigar da shi falo. Wayarsa ta kusa mutuwa, ya ba Nafisa ta sa masa a sharji. Ni na kawo ruwa da fura na ajiye, na koma bakin ƙofa na rakuɓe, a inda nake ganin kowa.

Gwaggo tana kan kujerarta, ana maimaita fim ɗin Alamin. Junaidu ya durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Lahiya lau. Zamna." Idonta bai bar tele ba.

Ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa. Ba ta rage muryar tele ba. Alamin yana zaune a bakin gado da hoton budurwarsa, yana kuka kamar an aiko shi. Haka Junaidu ya zauna yana kallo, gumi yana tsatsafo masa a goshi. Sai da aka tafi talla ta juyo.

"Kai da kas san harkar, mi kag gani ga yaron ga?"

Na rufe ido. Na ce shi ke nan.

Ya ce, "Gwaggo, ban san mahwarin labarin ba. Amma tun da niz zamna shina kuka, ban ga ya tashi ya bi ta ba. Ko ba shi da kuɗɗin mota na?"

Inna da ke tsakar gida ta saki wani tari. A iya sanina ba a taɓa taɓa Alamin a falon nan an kwana lafiya ba.

"Ƙasar waje anka kai ta," ta ce da ƙyar.

"To ai ko wurin iyayenta ya tahi ya zamna, har su gaji da ganin shi."

Ta gyara zama, ta fuskance shi sosai.

"To kai da kay yi naka gaban duniya, mi kay yi bayan shi?"

"Na koma ban ruwa, Gwaggo. Na baro inji shina aiki."

Ban san lokacin da murmushi ya kuɓuce mini ba. Gwaggo ta harare ni, na mai da fuska.

"Ba ka ji kunya ba? Ƙato da kai?"

"Na ji. Har yanzu ina ji. Ko shirin ban kalla ba, ban iyawa." Ya dubi tabarma yana murza bakin hularsa da ya cire. "Ranar da munka kai Baba makwanci nai ban yi kuka ba. Ni na babba, ƙannena na kallo na, tsohuwarmu na kallo na. Anka yi kwanan zaman makoki, anka watse, nit tahi garka. Tun daga nan kowa tambaya tai, nawa buhu, yaushe za a kwashe. Ba wanda yat taɓa ce mini wa ya koya maka. Sai 'yar jaridan nan. Ni kaina ban san abin shina nan ba, Gwaggo, sai da yah hito."

Tallar ta ƙare, kiɗan fim ya dawo. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo tele gidanmu. Gwaggo ta laluba ƙarƙashin matashi, ta zaro telekomand a cikin ledarsa, ta kashe muryar Alamin. Ya ci gaba da buɗe baki a gilashi shi kaɗai.

A lokacin ne na tuna cewa ni ban taɓa ganin Gwaggo ta yi kukan mijinta ba, ko ranar da aka kawo ta gidan nan da akwatunanta. Na Alamin kawai na sani.

"Allah shi jiƙan shi," ta ce.

"Amin, Gwaggo."

"Sha hura." Ta ja hanci, ta gyara mayafi, muryarta ta koma yadda take. "Amma malhwan nan ba ta dace ba. Mutum za shi shiga tele, ba shi neman hula ta kirki? Kuma zancen Asabar ban ce komi ba tukuna. Sai na yi shawara da Maikano."

Kamar an kira shi, sai ga sallamar Baba. Ya dawo da wuri. Ya ga moto a ƙofa da buhu a zaure, ya shigo fuska ba yabo ba fallasa. Junaidu ya sake durƙusawa suka gaisa. Baba ya zauna yana gyaran murya, da gani yana neman ta inda zai fara maganar gusa rana.

Sai wayar da ke sharji a kan teburin tele ta fara kuka. Ta yi ta katse. Ta sake. Saƙonni kuma suna shigowa kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

"Yaro, ɗauki mana," in ji Baba. "Ko masu sayen albasa na?"

Junaidu ya sunkuyar da kai. "Ba su ba na, Baba."

"To su wa?"

Kunnuwana suka miƙe. Da ƙyar ya yi bayani: a cikin shirin an nuna allon ƙungiyarsu ta manoma, kuma lambarsa ce a rubuce a jiki, don shi ke amsa kiran masu saye. Tun ranar Lahadi wayar ba ta huta ba. Shi ya sa ko saƙona bai iya gani a kan lokaci.

"Masu zagi?" in ji Baba.

"Akwai su. Amma ba su ne da yawa ba."

Nafisa, wadda ta dawo ta tsaya kusa da tebur, ta leƙa fuskar wayar. Ta zaro ido.

"Gwaggo, duk mata na! Ga Yamai, ga Maraɗi, ga Agadas. Wallahi har da lambar Najeriya."

"Buɗe muna guda," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, don Allah..." in ji Junaidu.

"Na ce a buɗe."

Ya miƙa yatsa ya buɗe wayar kamar mai sa hannu a takardar kotu. Nafisa ta danna wani saƙon murya. Wata murya ta fito, siririya, mai laushi, irin wadda ake yi da gangan:

"Salamu alaikum, bawan Allah. Na ga shirinka, wallahi ban yi barci ba. Namijin da ke kukan mahaifinsa haka, matarsa ba za ta wulaƙanta ba. Ni dai ina da shagona, ba na neman komai wurin kowa. In ba ka da iyali..."

Nafisa ta tsayar. Ban san na miƙe na shigo tsakar falo ba sai da na ji kofin fura ya kife a ƙafata. In ba ka da iyali! Wato ni nan da na sha hankici da sitika, labule ce?

"Ban amsa ma kowa ba, Khairi," ya ce da sauri, ya manta Baba na zaune. Ya tuna, ya ƙara sunkuyawa.

Gwaggo ta dube shi, ta dubi wayar da ta sake ɗaukar kuka, ta dube ni. Na ga lissafi yana tafiya a fuskarta kamar ranar ƙarshen gasar girki.

"Maikano."

"Na'am, Yaya."

"Asabar ta yi nisa. A aika Dogarawa su taho jibi."

Baba ya saki baki. "Yaya, ba ke kinka ce a gusa da ranar ba?"

"Na ce a gusa da ita. Na ce maka gaba ko baya?"

Inna ta kasa riƙewa, dariyarta ta shigo tun daga tsakar gida. Baba ya shafa gemu, yana ƙoƙarin ɗaure fuska tana ƙi. Ya ce ba za a tashi mutane tsaye ba, Asabar ɗin da aka sa tana nan, kuma duk ɗan fadar da ya sake ajiye masa albasa a tebur, zai kai gida a yi miya. Ya dubi Junaidu ya ce, "Ka gaida kawunka. Muna jiran su."

Junaidu ya yi godiya har ba a jin abin da yake faɗa. Ya fita da baya da baya, ya yi tuntuɓe da bakin ƙofa, ya hau moto ya tafi. Ban raka shi ba, ina fushi. Ban san da wa nake fushin ba, amma ina yi.

Ƙarar motonsa ba ta gama ɓacewa ba wayar ta sake ɗauka. Ya manta ta a sharji. Wannan karon kiran bidiyo ne. Hoton mai kiran ya cika fuskar wayar: wata fara, da gwal a wuya, da jan baki, da murmushin da ya nuna ta saba samun abin da take so. Nafisa ta ce ita ce mai shagon nan ta saƙon murya.

Na tsaya da wayar a hannu tana rawa. Zuciyata tana cewa ɗauka ki wanke ta tas, tarbiyyar Inna tana cewa ajiye.

"Miƙo nan," in ji Gwaggo.

Ta warware ɗankwalinta ta sake ɗaura shi ya tsaya cas, ta gyara mayafi a kafaɗa, ta sa Nafisa ta buɗe labule haske ya shigo. Ta riƙe wayar nesa da fuska kamar yadda masu karanta labarai suke zama, ta ce a danna mata.

Fuskar matar ta bayyana, murmushin ya tsaya a rabi.

"Salamu alaikum, ɗiyata," in ji Gwaggo, da wata murya mai sanyi da ban san tana da ita ba. "Ni ma na kalli shirin, ya yi kyau ƙwarai. To hwaɗa mini, mi kika nema wurin surukina?"